Yadda Ake Gwada Zanen Jirgin Ruwa a Kwamfuta Kafin a Taɓa Katako

Mu a Zariya ruwanmu bai wuce Galma da Kubanni ba. Amma kusan kowace damina sai an ji kwale-kwale ya kife da 'yan kasuwa a Neja ko Kebbi, kuma abin yana ci mini rai. Ɗalibin injiniya da ke Samaru, in yana da kwamfuta, zai iya gano wane zane ne ya fi jure lodi tun ba a sayi ƙusa ba.

Da farko rubuta aikin da jirgin zai yi: mutum nawa, buhu nawa, a wane ruwa. Wannan sharaɗi ɗaya za ka ɗora wa duk zanen da kake kwatantawa. In ka sauya lodi a tsakani, kwatancen ya ɓaci.

Sai ka zana jikin kowanne. Manhajar zanen jirgi ta DELFTship na da nau'in kyauta, FreeCAD ma zai yi.

Na uku, kuma nan nake so ka daɗe: kifewa. Mutane sun fi ɗokin gudu, ni kuwa ba na duba gudun jirgin da ban tabbatar zai tsaya daram ba. Ɗauki jirage biyu masu shimfiɗaɗɗen gindi kamar akwati, kowanne tsawon mita 12 da nauyin tan 6, ɗaya faɗin mita 2, ɗayan mita 3. Mita ɗaya murabba'i mai zurfin mita ɗaya na ruwan kogi tan 1 ne, don haka siririn zai nutse santimita 25, mai faɗin kusan 17. Yanzu ninka faɗin da kansa, ka raba da zurfin nutsewar (a mita) sau 12. Siririn zai ba ka mita 1.33, mai faɗin mita 4.5. Ƙarin mita ɗaya kacal ya ninka wannan awo fiye da sau uku, kuma shi ne ke taimaka wa jirgi ya dawo daidai in ya karkata. Daga nan ka ɗaga tsakiyar nauyi a manhajar, kamar an jibga buhuna sama, fasinjoji sun miƙe tsaye, ka kuma tura su gefe guda kamar yadda ake yi in an firgita. Jirgin yaƙin Vasa na Suwidin haka ya kife a 1628, a fitarsa ta farko, saboda nauyi ya yi masa yawa a sama.

Bayan nan ne za ka auna turjiyar ruwa da manhajar OpenFOAM, ita ma kyauta ce. Tana yanka ruwan zuwa ƙananan gidaje kamar raga. Fara da raga mai manyan idanu, ka riƙa matse ta har amsar ta daina sauyawa. Lissafin kan kwana yana gudana, saboda haka ka tanadi wuta.

Kada ka yarda da allo shi kaɗai. William Froude, injiniyan Ingila, tun a shekarun 1870 yake jan ƙananan samfura a tafkin gwaji, kuma ƙa'idarsa na aiki har gobe. Ka sa kafinta ya yi maka samfurin da ya gaza na ainihi sau 16 a tsawo, faɗi da zurfi: tsawon santimita 75, nauyin kilo ɗaya da rabi. Ja shi a ruwa mai kwanciya da gudun mita 1 a daƙiƙa, daidai yake da mita 4 a babban jirgin. In samfurin da kwamfuta suka saɓa, koma ka binciki ragarka da inda ka sa tsakiyar nauyi.