Kafin ka biya kuɗin mota a tasha, fara ganin motar da idonka

Jama'a akwai abin da yake cin matafiya a tasha kuma ba a cika maganarsa ba, mutum ya hango mota fes da suna da fenti a jikinta sai hankalinsa ya kwanta ya zaro kuɗi ya biya, alhali wadda ya gani daban, wadda za a zuba shi a ciki daban. Mun san layukan jihohi irin su Kano Line, Borno Express, Yankari Express ta Bauchi, Gombe Line, Adamawa Sunshine, a Nijar kuma ga kamfanoni irin su Rimbo da STM, kuma suna yana da amfani ba ƙarya, ko ba komai idan jakarka ta ɓata kana da ofishin da zaka je ka yi magana. Amma fenti ba ya gyara birki. A tashoshi da yawa zaka samu motar ɗan kasuwa ce aka shigo da ita layi, aka manna mata sitika tana biyan kamasho, gyaranta da tayarta duk yana wuyan mai ita.

To abu na farko, kar ka tsaya a teburin tikiti, ka tambayi ɗan kamasho "wacce ce take lodi yanzu?" ya nuna maka ita da hannu, ka taka ka je. Duba lamba: a Najeriya jan rubutu na motar haya ne, shuɗi na motar gida, kore na gwamnati. Sai ka tsuguna ka kalli taya, a gefenta akwai lambobi huɗu, misali 2319 yana nufin sati na 23 a shekarar 2019 aka yi ta, kuma 'yan Road Safety shekara huɗu suke cewa taya take yi. Wannan minti ɗaya ne wallahi amma zafin kwaltar Maris da Afrilu ba ya raga wa tsohuwar taya.

Leƙa ciki ka ƙirga kujeru ka tambaya mutum nawa ne a layi ɗaya, don Hummer da Sharon da Golf kowacce da irin zamanta, kuma a Golf idan baka tambaya ba sai ka ji an ce biyu ne a gaba. Idan kuɗin AC aka caje ka kace a tayar da mota a kunna ka ji. Sannan ka lura da waɗanda suke zaune a ciki, in ka ga mutum biyar babu mai ko leda a hannu, kana shiga suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ɗumama mota suke yi don ka zata ta kusa cika, zaka iya shafe awa uku a wajen.

Maganar juye ita ce ta fi ci min rai. Na taɓa tasowa daga Abuja zuwa Kano a motar wani kamfani mai zaman kansa, mun biya kuɗin Hummer, muna isowa Zariya wajen Kwangila bayan wasu sun sauka direba ya faka ya ce mu huɗun da muka rage mu koma wata tsohuwar mota, ya riga ya sayar da mu. Akwai wata dattijuwa da jikarta da buhun garin kwaki, tana cewa "ɗana ni fa har Kano na biya maka", ko kallonta bai yi ba, haka aka cusa ta a baya yarinyar a cinyarta buhun a kan ƙafarta. Sunayenmu suna cikin manifes ɗin motar farko, wato takardar sunayen fasinja, ita ta biyun babu wanda ya san muna cikinta, da wani abu ya faru Allah ya kiyaye 'yan uwa ba su da inda za su fara nema.

Shi ya sa tun a tasha ka tambaya a gaban ɗan kamasho, "kai tsaye ce ko akwai juye?" Ka rubuta sunanka da lambar wayar ɗan uwanka a manifes da kyau, ka tabbatar lambar motar da ke saman takardar ita ce a jikin motar da ka shiga, ka ɗauki hoton lambar ka tura gida ta WhatsApp, in an canza maka mota a hanya ka sake ɗaukar na sabuwar ka tura. Tikitinka kar ka yar sai ka isa, kuma ka karɓi lambar wayar ofishin ko ta shugaban ƙungiyar direbobi ta NURTW na wannan layin.

In da hali ka yi sammako, motocin da suka kwana a layi su ake fara lodawa kuma fasinja sun fi yawa da safe, ta cika da wuri ka isa da rana. Lokacin sallah kuwa da motocin kamfani suke ƙarewa ake jawo na waje a cike gurbi, nan ne zaka ƙara sa ido sosai. In direba ya fara gudun ganganci ku haɗa baki ku yi masa magana, in ya ƙi ji lambar Road Safety ta gaggawa 122 ce.