Yadda ake zana titin babban birni da dare bayan ruwan sama

Wanda ya tsaya gaban zanen babban birni da dare, idonsa kan fara faɗawa kan haske ne: taga ɗaya da ke ci a hawa na bakwai, jar fitilar bayan mota da ta malale a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, mutum biyu ƙarƙashin laima guda. Nan daɗin zanen yake. Sai dai fenti ba ya fitar da haske irin na fitila, farin da ya fi kowane fari a hannunka fenti ne kawai. Hanya ɗaya ce ake sa shi ya yi walƙiya, wato a kewaye shi da duhu mai yawa. Edward Hopper ya nuna haka a zanensa Nighthawks na 1942, inda gidan shan shayi ɗaya ke haske, mutum huɗu a ciki, titin waje kuma babu kowa. Duk aikin da ke ƙasa na tsare wannan duhun ne.

Hoton da za ka yi aiki da shi

Lokaci mafi kyau shi ne almuru, kamar minti 20 zuwa 30 bayan faɗuwar rana, sa'ad da fitilu suka kunnu amma sararin sama bai gama rasa shuɗinsa ba. Idan dare ya yi tsakiya, benaye da sama sukan haɗe su zama baƙi ɗaya. Ka ɗauki hoto biyu daga wuri guda: ɗaya ka rage hasken kyamara domin launin fitilu ya fito, ɗaya ka ƙara domin ka ga abin da ke cikin inuwa. Dalili kuwa, kyamara kan ƙone fitilu su koma fari fat, ta kuma toshe inuwa. Ka kashe tsarin ɗaukar hoton dare na waya, domin yana haskaka ko'ina daidai, ya kashe bambancin da kake nema.

Kayan aiki

Kyallen zane ko katako mai santsi, santimita 40 da 50, wanda aka shafa wa farar shimfiɗa sau biyu. Launi shida na fentin mai ko na akirilik (fentin da ake tsinkawa da ruwa) sun isa: farin titaniyom, rawayar kadmiyom, jan kadmiyom, ja mai duhu na alizarin, shuɗin altiramarin, da ruwan ƙasa mai duhu da ake kira bant amba. Sai buroshi mai faɗin santimita 5, matsakaita biyu, siriri ɗaya, wuƙar fenti, da tsumma. Ƙaramin rola na roba yana da amfani ƙwarai. Jeremy Mann, Ba'amurken da ya yi suna da zanen titunan San Francisco da New York, yana aiki da irin wannan rola, yana kuma goge fenti daga allo domin ya fito da haske.

Ka bar baƙin fenti a kwalbarsa. Ka haɗa altiramarin kashi 2 da bant amba kashi 1, za ka sami baƙi mai rai, wanda za ka iya karkatar da shi zuwa sanyi ko ɗumi. Baƙin kwalba yakan mutu a kan allo, idan kuma ya taɓa rawaya sai ya ba da kore mai datti.

Shimfiɗa da layi

Ka fara da rufe allon gaba ɗaya da wannan haɗin, a tsinke, har ya zama toka-toka mai duhu. Kan farin allo ba za ka iya auna haske ba, komai zai yi maka kamar ya yi duhu da yawa, sai ka riƙa ƙara fari har dare ya koma rana.

Daga nan ka ja layin ido, wato layi a kwance daidai tsayin idon mai kallo, kamar kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan allo, ka sa ɗigo ɗaya a kansa. Bakin titi, layin tagogi da saman benaye duk su nufi wannan ɗigon. Ga ƙa'idar da ke gyara rabin kurakuran masu koyo: idan titi shimfiɗaɗɗe ne kuma kana tsaye, kawunan masu tafiya, na kusa da na nesa, duk suna kusa da layin ido. Ƙafafunsu ne ke hawa sama yayin da suke nisa. Wanda ya manta da wannan zai ga mutanensa suna yawo a iska.

Yanzu ka ɗan runtse ido ka dubi hoton, ka raba shi gida uku. Kusan kashi 70 cikin 100 duhu, kashi 25 tsaka-tsaki, haske sosai kada ya wuce kashi 5. Ka shimfiɗa manyan siffofi da babban buroshi, bene ɗaya shafa biyu ko uku. Na nesa su fi shuɗi da laushin baki, na kusa su fi duhu.

Fitilu

Fitila tana da zobe uku. Ka fara da na waje, mai faɗi, launi mai duhu da ya ɗara bango haske kaɗan, ka narkar da bakinsa da busasshen buroshi. Na tsakiya shi ne cikakken launi, ruwan goro ko ja, ba tare da fari ba. Na ƙarshe ɗigo ne mai kauri na fari da ɗan rawaya, a ɗora da bakin wuƙa sau ɗaya a ɗaga hannu. Yawancin fitilun da ke kama da alli a zane, fari ne ya yi musu yawa: titaniyom yana sanyaya launi, ja ya koma ruwan hoda. Idan kana so ja ya ƙara haske, ɗan rawaya za ka sa masa.

Ka lura da irin fitilar da ke titin. Tsofaffin fitilun sodiyom suna ba da ruwan goro, sababbin na LED sukan ba da fari mai ɗan shuɗi. Ka zaɓi ɗaya ya yi mulki, ɗayan ya zama baƙo. Idan ɗumi da sanyi suka zo daidai wa daida, zanen ba zai sami yanayi ba.

Tagogi kuwa, kada ka ƙirga su. A bene mai taga 60, biyar ko shida masu haske sun wadatar, kuma kada su zo da launi ɗaya ko a jere.

Jiƙaƙƙiyar kwalta

Nan ne ya kamata ka ba lokaci. Gustave Caillebotte ya zana titin Paris cikin ruwan sama a 1877, da laimomi da duwatsun titi masu sheƙi, kuma abin da ke ba zanen armashi har yau shi ne ƙasan. Hasken da ke faɗawa kan titi mai ruwa yana sauka ne a tsaye, kai tsaye ƙarƙashin fitilarsa, yana miƙowa wajen mai kallo. Ba ya bin layukan da ke nufin ɗigon nan na layin ido. Sa shi ya bi su kuskure ne da ake yawan yi, kuma shi ke sa titi ya yi kamar an yi masa fentin layi.

Yana kuma da tsawo fiye da fitilar, domin kwalta ba madubi ba ce, ƙananan ramukanta ne ke warwatsa hasken. Launinsa ya fi na fitilar duhu da mataki ɗaya ko biyu. Ka ɗibi fenti da buroshi mai faɗi ko rola, ka ja daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya. Tun yana ɗanye, ka ratsa shi a kwance da busasshen buroshi ko gefen wuƙa a wuri uku ko huɗu. Wannan ratsin ne ke kwantar da titin; idan babu shi, hasken zai yi kama da ginshiƙi ko rami. A kududdufi, inda ruwa ya kwanta, sura takan fito da kaifi, don haka ka bar ɗaya ko biyu da baki mai tsabta.

Idan launuka suka fara zama laka, shafa ta yi yawa. Ja da ruwan goro sun cakuɗe da shuɗi. Ka kankare wurin da wuƙa, ka mayar da duhu, ka sake ja.

Mutane

Tsawon babban mutum kamar kai bakwai da rabi ne, kuma masu koyo sukan girmama kai. Ka yi jiki da shafa ɗaya mai faɗi a kafaɗa, siriri a ƙasa, ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo domin a ga tafiya. Fuska ba ta da amfani a nan. Mutum biyu da kafaɗunsu suka haɗe, an sa su gaban wuri mafi haske, da siririn haske a gefen laima, sun faɗi duk abin da ake so. Ka ja inuwarsu mai duhu ƙasa daga ƙafa, ba tare da rata ba.

Bushewa

Akirilik yana bushewa cikin mintuna, kuma yana ƙara duhu idan ya bushe, saboda haka ka haɗa fitilu da ɗan haske fiye da yadda kake so, ka riƙa fesa wa farantin fenti ruwa. Da fentin mai, shafar farko ta zama tsinkakkiya, na sama su fi maiƙo; idan aka juya tsarin, saman zai riga ƙasan bushewa ya tsattsage. Wuraren duhu sukan dusashe bayan kwanaki, musamman inda bant amba ta yi yawa. Man sheƙi na ƙarshe zai dawo da zurfinsu, amma a zanen mai sai an jira aƙalla wata 6 kafin a shafa shi.