Kafin ka kai mara lafiyarka asibitin Katolika

Mu nan Zariya da an ce asibitin mishan sai hankalin kowa ya tafi Wusasa, to bari in fara gyara wannan tukuna, St Luke's na Wusasa na 'yan Angilikan ne, ba na Katolika ba. Su Katolika nasu daban, akwai St Gerard's a Kakuri cikin Kaduna wanda mutanenmu da yawa suka sani, akwai Our Lady of Apostles (OLA) a Jos, akwai St Louis a Zonkwa. Kuma ba jiya suka fara ba fa, asibitinsu na Sacred Heart da ke Abeokuta tun 1895 yake aiki, a duniya ma in ka cire gwamnatoci ba mai asibitoci da yawa kamar cocin nan.

Na yi jinyar yayata kwana tara a ɗaya daga cikinsu bayan an yi mata tiyata, shi ya sa nake son in faɗa muku yadda ake shiga wurin da hankali kwance, don wallahi da yawanmu tsoro ne kawai yake hana mu.

Da farko ka cire wa ranka cewa wai sai Kirista ake dubawa ko za a matsa maka ka bar addininka. Za ka ga gicciye a bango, za ka ga mutum-mutumin Maryam a tsakar gida, da safe ma'aikata na yin addu'arsu kafin su kama aiki, wani lokaci fada, wato limamin cocinsu, ya zagayo ɗakin marasa lafiya. In ya iso gadonku ku gaisa kawai, ka ce mu Musulmi ne, shi ke nan, shafa mai da addu'ar da yake yi na mabiyansu ne. Yayata da hijabinta da carbinta ta kwanta, ni kuma na tambayi wata sista inda zan yi sallah ta nuna min. A akidarsu hidimar mara lafiya ibada ce ko wane ne shi, kuma asalin asibitin ke nan.

To amma ga inda nake so ku natsu, musamman mata da magidanta. Akidar nan da ta sa suke karɓar kowa ita ce kuma ta sa akwai abubuwan da ba sa yi ko nawa za ka biya. Ba sa zubar da ciki. Ba sa ba da ƙwayar tazarar haihuwa ko allura ko ashanar hannu ko robar mahaifa, ba sa juya mahaifa don a tsayar da haihuwa, haka dashen ƙwai na IVF ba ruwansu da shi. Abin da suke koyarwa shi ne tazara ta hanyar lura da kwanakin al'ada da alamun jiki, irin tsarin Billings. Don haka Hajiya in kin san wannan cikin na bakwai ne ko na takwas kuma likita ya ce a tiyatar nan ya kamata a juya mahaifa gaba ɗaya, kar ki bari sai ranar haihuwa, tun a awon farko ki tambaya ƙiri-ƙiri, in sun ce ba sa yi ki nemi takarda ki koma asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan tun da sauran lokaci. Ni a ganina haƙƙinsu ne su tsaya kan akidarsu, amma haƙƙinki ne ke ma a gaya miki gaskiya da wuri a nuna miki inda za ki samu.

Kar kuma wannan ya rikita ku ku zauna da mara lafiya a gida. Mace ta yi ɓari ɗan ya riga ya mutu tana zubar da jini, ana yi mata wankin ciki. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa ana yi masa tiyata. Ƙarin jini ma suna yi, masu ƙin ƙarin jini Shaidun Jehobah ne, su daban ne, na sha jin mutane na haɗa su.

Sai maganar kuɗi. Mishan ba ya nufin kyauta, wannan tunanin na zamanin kakanni ne lokacin da sistoci Turawa ke samo tallafi daga ƙasashensu. Yanzu albashi da dizal da magani yawanci daga abin da marasa lafiya suka biya ake fitarwa, don haka ka tafi da kuɗin kati da na gwaji, in tiyata ce ka sa a rubuta maka kiyasi kafin a fara, duk abin da ka biya ka karɓi rasit ka adana. In kana da inshorar lafiya ta NHIA ta gwamnatin tarayya ko KADCHMA ta jihar Kaduna ka tambaya tun a wurin yankan kati ko suna karɓa. In kuma abin ya fi ƙarfinka kar ka ji kunya, ka nemi ganin sistar da ke kula da asibitin ko shugaban gudanarwa ka yi bayani, wani lokaci akan yi ragi ko a bari ka biya kaɗan-kaɗan, ba kullum ba dai, amma tambayar ba ta da laifi.

Ka tafi da tsofaffin takardun gwaji da kwalayen magungunan da yake sha, har na gargajiya ka faɗa kar ka ɓoye. Ka kuma tambaya ko likitan da ya ƙware a ciwon naku kullum yake nan ko sai wasu ranaku yake zuwa, don ciwo irin na daji ko wankin ƙoda sau da yawa ƙarshenta asibitin koyarwa za a tura ku, gara ka sani kafin ka biya kuɗin mota daga Kwangila zuwa Kaduna. In matarka ba ta son namiji ya duba ta, ku faɗa tun a teburin nas kafin a kira sunanta.