Kurakuran da ke ɓata fentin ifoksi a sandar kamun kifi

Yawancin sandunan da ake kawowa gyara daga unguwannin Nima da Mamobi na Accra ciwonsu ɗaya ne: fenti ya kwana uku yana danƙo. Laifin awo ne. Ifoksin sandar kifi ruwa biyu ne, ƙaro da mai daskarar da shi, kuma daidai wa daida ake haɗa su. Wasu na ƙara mai daskarwa wai don ya bushe da wuri, alhali hakan ne ma ke hana shi bushewa. A auna da sirinji, a gauraya a hankali na minti 3, ana kankare gefen kofi. In an riga an yi ɓarnar, a shafa sabon haɗi mai kyau a kai, yawanci yakan kama.

Sai kala. Fentin ruwa ba ya shiri da ifoksi ko kaɗan, garin kala ko kalar da aka yi domin ifoksi ake nema, kuma ɗan abin da kan tsinken sakace ya ɗauko ya isa. Sai an gama gauraya ruwan biyu ake sa ta. In ta yi yawa, haɗin ya yi taushi.

Zafin Accra kuma yana cinye lokaci. Haɗin da aka bari a kofi yana ɗumama kansa, kafin ka ankara burushi ya fara ja. Juye shi a takardar alminiyom ya baje, kumfar ma ta fita. Danshin damina yana sa fuskar ta yi hazo, ƙurar hunturu kuma ta manne, don haka a rufe ɗaki.

Ƙananan ramukan da ke buɗewa a jikin fenti maiƙon hannu ne. Kafin a shafa ifoksi, a goge sanda da sifirit, a ɗan dusashe ƙyallinta, amma kada sanfefa ta ci zaren jikinta, nan za ta karye ranar da babban kifi ya ja a Ada, garin da ke bakin teku.

Ni dai ban ga amfanin lafta wa sanda ifoksi tun daga gindi har tsini ba. Nauyi yake ƙara mata, ya kashe motsin da hannu ke ji in kifi ya taɓa ƙugiya. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.

Dole kuma sanda ta yi ta juyawa awa 6 zuwa 8, in ba haka ba fentin ya taru a ƙasa. In dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ta tsayar da injin juyawa, a riƙa juya ta rabi da hannu duk bayan 'yan mintuna har ya daina gudana.