Yadda na sa aka gyara injin ruwan gidan da muke haya

Sati uku injin da ke tura ruwa zuwa tanki ya tsaya, sai gurnani yake ba ya juyawa. Kullum muna sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Na kira mai gida har na gaji, amsarsa ɗaya: "gobe in sha Allahu." Na so in riƙe kuɗin haya, wani maƙwabci ya hana ni, ya ce hakan zai ba shi hujjar ba ni notis.

Sai na kira mai gyara ya duba a gabana. Ashe kwayil bai ƙone ba, kafasita ce kawai ta mutu, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa injin ya fara juyawa. Ya rubuta kuɗin kaya da na aiki, na ɗauki hoton injin. Na rubuta wa mai gida takarda mai kwanan wata: zan biya gyaran, a cire daga hayar baɗi. Na kai masa tare da dillalin da ya sama mana gidan, duka suka sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Washegari aka canza kafasita, na ajiye rasit.

Alhamdulillahi, tanki ya cika kafin la'asar. Na gode, maƙwabci.