Kafin ka nemi jami'ar Amurka da wuri

'Yan uwa masu shirin neman gurbin digirin farko a Amurka, ku lura da kyau, neman gurbi da wuri kala-kala ne. Galibi ana rufe karɓar takardu 1 ga Nuwamba, sakamako ya fito tsakiyar Disamba.

Wanda suke kira Early Decision alkawari ne. Jami'a ɗaya tak za ka nema ta wannan hanyar, irin su Columbia, Cornell ko Duke, in ta ɗauke ka sai ka janye sauran takardunka. Ga ɗan talaka nan ne matsalar, domin ka rasa damar gwada tallafin kuɗin karatu na wannan jami'a da na waccan. Ana iya sakinka in tallafin bai isa ba, amma ni ban so yaro ya dogara da hakan.

Harvard, Yale, Princeton da Stanford ba sa ɗaure ka, kana da har 1 ga Mayu ka yanke shawara, sai dai sun hana ka neman wasu jami'o'i masu zaman kansu da wuri. Jami'ar MIT ba ta ɗaurewa, ba ta kuma hanawa.

In kana neman tallafi, cike fom ɗin CSS Profile a lokaci guda, kuma ka tuntuɓi malaman da za su rubuta maka takardar shaida tun Satumba.