Yadda za ka yi da maƙwabcin da hayaƙin tabarsa ya hana ka sakat

A gidajen haya masu ɗaki-ɗaki na Bauchi, irin na Gwallameji da Yelwa da Fadamar Mada, inda ɗalibi da ma'aikaci da mai iyali suke tsakar gida ɗaya, samun maƙwabci mashayin sigari ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Bayan isha'i ya fito bakin ƙofarsa ya kunna, iska ta kwaso hayaƙin ta zuba maka ta taga. A Maris da Afrilu, ga zafi ga babu wuta, in ka rufe tagar ka dahu, in ka buɗe ka shaƙa.

Tari da ciwon kai su ake gani a fili, amma inda abin ya fi cin rai shi ne zuciya. Kana hanyar gida kana fargaba. Da ka ji ƙyastawar ashana gabanka ya faɗi. Barci ya gagara, gari ya waye ka huce a kan iyali ba laifin tsaye ba na zaune. Ɗakin da ka biya kuɗinsa, amma ba ka da iko da iskar da ke cikinsa. Wannan rashin ikon ne yake dafa mutum, don haka duk matakan nan na dawo da shi hannunka ne.

Na farko: ka yarda damuwarka gaskiya ce

Za a ce maka tsirfa ce, ko ka cika ƙorafi. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu masu jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara fiye da mutum miliyan ɗaya da ba su shan taba suna mutuwa saboda hayaƙin wasu, kuma babu adadin da za a ce in an shaƙa ba komai. Yara sun fi shan wuya: asma, ciwon huhu, ciwon kunne. Mai ciki kan haifi jariri marar nauyi. In ka riƙe wannan a ranka, ranar magana ba za ka yi ta kame-kame kamar mai roƙon alfarma ba.

Na biyu: bi sawun hayaƙin kafin ka bi sawun mai shi

Yawancin mutane taga kawai suke zargi. Ɗaga kai ka dubi sama. A gidajen haya da yawa bangon da ya raba ɗakuna bai kai kwano ba, a daidai silin aka tsayar da bulo don rage kuɗi. Ke nan saman silin ɗinku fili ɗaya ne da kai da maƙwabci. In ya sha a cikin ɗakinsa, hayaƙin ya hau, ya bi ta nan, ya sauko maka ta inda silin ya tsage ko ta ramin wayar fanka da ƙwan lantarki. Shi ya sa wani zai rufe ƙofa da taga ruf amma ya ji wari ya rasa daga ina.

In haka ne, kira magini ya ƙarasa bangon har sama, ko kafinta ya toshe da katako ya liƙe tsagogin. Da izinin mai gida za a yi, kuma ka nemi a cire kuɗin daga haya tun kafin a fara. Ƙasan ƙofa kuwa, tsohon tawul da aka jiƙa aka naɗe ya wadatar. In tagoginka biyu ne, rufe ta ɓangarensa, ka bar ɗayar. In kana da fankar tsaye, kada ka ajiye ta bakin tagar da hayaƙi ke shigowa tana kallon ciki, jawo maka shi za ta yi. Juya fuskarta waje. Matsar da katifar yara nesa da wannan bangon, a riƙa wanke labule da zanin gado a kai a kai, domin hayaƙin yana maƙalewa a yadi ya yi kwanaki.

Ga uwargida kuma: turaren wuta ba ya korar hayaƙin taba, rufe warin kawai yake yi, ki ƙara wa ɗakin wani hayaƙin a kan na da. Haka maganin sauro na kunnawa. Gidan sauro ya fi a irin wannan ɗaki.

Duk wannan ragewa yake yi, ba ya kawarwa. Dole sai an yi magana.

Na uku: yi masa magana, amma ka san abin da kake nema

Nan mutane suke ɓata rawarsu da tsalle. Su yi ta haƙuri wata da watanni suna gunaguni a ɗaki, matan gida suna habaici a bakin famfo, ran da abin ya kai maƙura a fito da faɗa. Shi kuma mai shan, wataƙila bai taɓa sanin hayaƙinsa yana kaiwa ɗakinka ba, domin hancin mashayi ya daɗe da daina jin warin.

Kada ka tare shi yana riƙe da karan sigari a hannu, kada a gaban abokansa, kada a gaban matarsa. Same shi da rana, shi kaɗai, ku gaisa sosai. Sannan babban abin: ba ka zo ka sa shi ya daina shan taba ba. Iyayensa ma wataƙila sun yi sun gaji, kuma da ka shigo da wa'azi zai toshe kunne. Wuri kake nema ya canza, ko lokaci. In sa'anka ne, wani abu kamar haka:

"Malam, wata 'yar alfarma na zo nema. Ka ga tagata tana kallon inda kake zama da daddare, hayaƙin ɗakinmu yake shiga, ƙaramar yarinyar nan kwana take tari. Don Allah ko za ka riƙa komawa wajen ƙofar gida?"

In dattijo ne, ka rusuna ka ce, "Baba, a gafarce ni, ba raini ba ne," ko ma ka bi ta hannun wani sa'ansa da yake jin nauyi. In mace ce ke fama kuma maƙwabcin namiji ne, ya fi sauƙi maigidanta ko yayanta ya je. In ya gyara, ka gode masa har ya ji. In bayan mako biyu ya koma ruwa, tuna masa cikin raha, ba lallai da gangan ba ne.

Na huɗu: hau matakala ɗaya-ɗaya

Ya ƙi ji? Fara rubuta ranaku da lokutan da abin ke faruwa, ka adana katin asibitin yaro in an je. Tambayi sauran 'yan haya, da wuya a ce kai kaɗai ne. Ku je wurin mai gida ko ejan ku biyu ko uku, domin mai gida ya fi tsoron rasa 'yan haya uku a kan ɗaya. Ku nemi a tsayar da ƙa'ida ga kowa: ba shan taba a tsakar gida da baranda. Daga nan sai limamin unguwa, wanda ya fi ka sanin yadda zai tuna masa hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da maƙwabci har Annabi (SAW) ya zaci za a ba shi gado. Sai mai unguwa. A ganina yawancin irin wannan rigima a zauren mai unguwa take mutuwa, kuma hakan ya fi, tunda gobe ma ku ne za ku haɗu a bakin rijiya.

Doka tana nan. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da motocin haya har da Keke Napep. Sai dai aiwatar da ita yana da rauni, kuma kai maƙwabci ofishin 'yan sanda kan sigari yakan haifi gabar da ta fi hayaƙin daɗewa. In wiwi ce ake sha har ana tara samari, kada ka tunkare su da kanka. Bi ta mai unguwa a sanar da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Abu ɗaya ne ba ya jiran lallashi: janareto a baranda ko ƙarƙashin taga. Hayaƙinsa yana da iskar kabon monoksaid, ba launi ba wari, tana kashe mutane cikin barci. In kuna tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ku fita waje nan take, a kashe injin a daren, a mayar da shi fili nesa da tagogi.

Na biyar: kula da kanka kafin a warware

Tunda ka san lokacin da yake kunnawa, kada ka zauna kana dakonsa. Fita da yara ku sha iska, ko ka tsaya hira bayan salla. Faɗa wa wani amininka abin da ke damunka, ka daina maimaita faɗan a cikin kai kana kwance. Guji ramuwa da kiɗa ko ƙona shara kusa da tagarsa, ranka zai ƙara ɓaci ne kawai. In rashin barci, faɗuwar gaba ko ƙuncin rai sun wuce mako biyu, ko sun fara taɓa aikinka da cin abincinka, je asibiti ka faɗa wa likita yadda abin yake. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi akwai likitocin da wannan ne aikinsu. Kada ka sayi maganin barci a kemis da kanka.

In an yi duk wannan ba canji, kuma akwai jariri, mai ciki ko mai asma a ɗakin, fara neman wani gida kafin haya ta ƙare. Idan za ka duba sabon wuri, kada ka tsaya ga zuwan rana da ejan zai kai ka. Koma bayan isha'i lokacin da kowa yana gida, ka dubi ƙasa ko akwai guntayen sigari, ka tambayi inda ake ajiye janareto, ka sa a ɗaga silin ɗaya ka haska da tocila ka ga ko bango ya kai kwano, sannan ka biya.